Keken Barnaba

Tayoyi biyu na jingine a bangon rumfata,
nan Tawa, bakin hanyar kasuwa.
Tun bayan Kirsimeti suke nan.
Gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin wayoyinsu,
ya gama nasa aikin, ni ban fara nawa ba.

Lidiya mai tuyar ƙosai
ta kwance bakin zane ta ƙirga mini jikka goma sha biyu,
kuɗi masu ƙanshin mai da hayaƙi.
Ta ce, "Malam Filibus, keken guragu,
ɗan daidai Barnaba, ya riƙa zuwa lakkol."
Na auna yaron da igiya, na ƙulla,
na ce mako guda. Har da dafa ƙirji.

Mako ya haifi wata, wata ya yi jikoki.
Yau wuta ta ɗauke, gobe ba ƙarfe mai kauri,
jibi zafi, gata baƙi daga Abijan.
Wutar kuwa takan dawo
ta iske ni a gindin dogon yaro
ina jiran shayi na uku, mai zaƙin nan,
ina gyara duniya da fatar baki.

Ran Lahadi muryata ta fi ta kowa a majami'a.
Ran Litinin na hango su:
Lidiya ta goya ɗan shekara tara,
ƙafafunsa na reto har gwiwarta,
jakar littattafai a wuyansa.
Na laɓe bayan wata ƙofar da ban gama ba.
Ta gan ni. Ba ta yi zancen keke ba.
"Ina kwana, Malam? Ya aiki?"
Na ce, "Da godiya,"
kalmar ta ƙona mini harshe kamar tartsatsin walda.

Da dare muna addu'a a tabarma,
muka zo wurin roƙon abinci,
sai autata Tabita ta buɗe ido ɗaya:
"Baba, don me kullum na yau muke roƙo?
Mu roƙi na gobe mana, mu huta."
Na ce, "Gobe ba tamu ba ce, ta Allah ce."
Na ji bakina ya faɗa, kunnena ya kama.
Ashe wata huɗu ina biyan bashi
da kuɗin da ba a aljihuna suke ba.

Ya Ubangiji, kai ma ka riƙe zarto,
ka san nauyin itace a kafaɗa.
Ko akwai matar da ta zo ƙofarka sau uku
ta koma da "sai gobe" a ƙulle a zane?
Ban roƙe ka ƙarfi ba, ina da shi.
Kunya ce ta yi mini yawa, ka bar mini ita
har in kai rumfa.

Da asuba ba wuta, da gaske wannan karon.
Na yanka ƙarfe da hannu, na goge tsatsa,
na ba gizo-gizo haƙuri.
Wuta ta zo ƙarfe biyun dare, na tashi na bi ta,
unguwa na barci, rumfata na walƙiya.

Kwana uku, keke ya tsaya da ƙafafunsa.
Aka ɗora Barnaba. Bai shiga ba.
Igiyata ta auna yaron watan Janairu,
wannan na Afrilu ne, ya ƙaru da yatsa uku.
Bai jira ni ba, girma ba ya shan shayi.

Na sake yankewa, na faɗaɗa mazauni,
Lidiya na zaune tana kallo, ba ta ce uffan ba.
Da la'asar ya murza, ya karkace, ya murza,
ya bi rairayi yana ihu, awaki na watsewa.

Ƙofar nan da na laɓe a bayanta
ta wani ce shi ma, tun kaka yake jira.
An ɗora shayi, ana kirana.
Na ce su sha, hannuna da aiki.