Akwatin da Ya Koyi Kaucewa

Ƙarfe biyun dare, Delphine na kan tankin ruwa
a wani ƙauyen masunta na gaɓar Maine,
safar hannu ɗaya a baki, ɗayar ta faɗa ƙasa.
Akwati goma sha bakwai ta rataya wa garin nan
shekara shida da suka wuce.
Yau kowanne sai an sake masa hankali.

Iskar da suke magana a cikinta aro ce,
mai ita kuma yana nan da ransa.
Jiragen ruwan soja su ne masu gida,
bayansu waɗanda suka biya kuɗin layi,
can ƙarshe ita da mutanenta, masu cin saura.
In jirgi ya doso gaɓa, na'urarsa ta yi gyaran murya,
kowa sai ya matsa.

Tsohon akwatin nan bai iya matsawa ba.
A ce masa kauce, sai ya yi fushi ya mutu,
ya tafi da muryar gari baki ɗaya.
Watan jiya ya katse tsoho Wendell
yana tsakiyar karanta wa likita
sunan maganin matarsa, harafi harafi.

Sabuwar manhaja na shiga kamar ɗigon rufi.
Sittin da ɗaya cikin ɗari.
Sittin da ɗaya.
Sannu ba ta hana zuwa, amma yatsu sun sandare,
gishirin teku na cin leɓe.
In wuta ta ɗauke yanzu
akwatin ya zama tubali ke nan,
sai ta goya shi ta sauka matakala tamanin.

Sittin da biyu.

Ta tuna kakarta a teburin cin abinci:
yarinya, ki saurara tukun,
in babu mai magana, sai ki yi taki.
Shekara arba'in, ga shi tana ɗura wa ƙarfe wannan karatu.

Ja. Rawaya. Duhu mai tsawo.
Kore.

Can a teku wata fitila ta ratsa hazo.
Akwatin ya ji ta, ya ɗaga ƙafa ya koma wata tashar,
babu wanda ya farka.
Taga ɗaya ce a kunne a ƙasa, ta gidan Wendell,
muryarsa na tafe ba tuntuɓe.

Saura goma sha shida.
Ta haska tocila, tana neman safarta a cikin ƙanƙara.