Ɗigo Ɗaya a Busan

Ƙarfe biyun dare,
Seol-hui ta kashe fitilar ɗakin gwaji.
Kan gilashi, ɗigon jinin wata tsohuwa
mai sayar da kifi a Jagalchi.

Ta zuba ƙwayoyin nan
da ko ƙura ta fi su girma,
kowacce da ƙugiyar da ta san kifi ɗaya tak:
furotin da sankara ke zubarwa
tun ba ta yi ƙullutu ba.

Shekara shida tana roƙon su haska.
Yau sun haska,
ja wur, kamar garwashin da aka hura.

Har ta ɗaga hannu za ta tafa,
sai ta tuna hannun tsohuwar,
mai ƙarni, mai faso,
da ya cusa mata lemo biyu a aljihu.