Gadon wanda ba ya mutuwa

Sunana Tarana. Da hantsi aka haife ni,
shi ya sa suka ba ni tsaron ƙofa.
Gabas da Tawa, cikin jan dutse,
inda ayarin gishiri ke sauri ko raƙuma sun gaji,
akwai kogo, a kogon akwai matsafa tara
waɗanda rana ta yi wa iyaka.

Ba sa cin tuwo.
Gari kan aiko da akuya duk tsayuwar wata,
shekarar fari kuwa
abin da ake aikowa da ƙafa biyu yake zuwa.
Ni ke wanke ƙoƙon. Ban taɓa tambaya ba.

Barmo ne babbansu.
Rani ɗari uku yana kan buzu ɗaya,
igiyar da yake ƙulla shekaru ta zagaye kogon sau biyu.
Wata asuba ya ce mini, buɗe.
Na ce, Baba, gari ya kusa wayewa.
Ya ce, na manta launin gero.
Ya taka bakwai. Ta takwas ɗin
da tsintsiya na kwashe ta.

Ba su yi kuka ba, ba su da ruwan yi.
Buzun suka zuba wa ido.

Hankurau ya ce, ni ne na fari da ya ciza.
Gwamma ta ce, ni ya koya wa sunan da ake kiran hadari,
kai me ka riƙe ban da takalmansa?
Kwasau bai ce komai ba,
ya riga ya raba wa ƙanana huɗu
bayi biyu da ya saya hannun madugu.
Dare goma sha ɗaya suna rantsuwa da tokar mutum ɗaya
wadda na zuba gindin aduwa tun tuni.

Haƙori ba ya kashe mai haƙori, sun sani.
Sai aka fara zuwa wurina, ɗaya ɗaya,
da murya kamar ta mai neman rance.
Tarana, rufin da ke saman makwancin wane
bai kai kaurin tafin hannu ba.
Tarana, ga basilla. Huda kaɗan,
daidai zaren rana.
Gwamma ta yi mini alkawarin ƙuruciya.
Kwasau, kanwa da shanu.
Hankurau ya ce ba za a sake karɓar ɗan kowa daga gidanmu ba,
da haka na gane
inda yayana Nomau ya tafi shekarar fara.

Na ce wa kowa to.

Tsakar rana nakan hau dutsen, ƙadangaru na kallona.
Aiki ne mai cin gwiwar hannu.
Kwasau ya tafi ran kasuwa,
Gwamma bayan kwana shida, ta bar zobe da ƙauri.
Kowace magariba masu saura su ƙirga kansu,
su zargi juna,
ni ina shara.

Yanzu Hankurau ke kan buzu.
Ya ci gado, kuma babu mai durƙusa masa.
Yana naɗa jemagu sarauta,
yana yi wa kansa kirari, kogon na maimaitawa a gajiye.
Samansa huda takwas ne, yana kwana a takure tsakaninsu
kamar wake a dara.
Jinin akuya nake kai masa, rabi ruwa.
Ya sani. Yana godiya.

Jiya ya miƙo mini ƙoƙon, hannunsa na rawa:
sha, ki gaje ni.
Na ce gwiwoyina sun gaji, ina son kabarina.

Ban huda ta tara ba.
Gari na barci ne don yana jin akwai mai tsare da dare,
kuma bana an yi ruwa.
Amma jikata ta kai shekara goma,
ita ma da hantsi ta zo.
Na nuna mata wurin, na sa alama da farar ƙasa,
basillar na cikin tukunyar daddawa.