Ruwan da Goggo Ta Je Saurare

Mun bar Gombe liman bai sallame ba,
ni da Goggo Dudu da Lamela direba,
a tsohuwar Fijo mai ƙofa ɗaure da igiya.
Shekara huɗu ke nan Goggo ba ta gani,
amma ita ta ce a kai ta.

Kumo ta raka mu da ƙanshin ƙosai.
Wajen Billiri wani dutse ya miƙe tsaye
kamar wanda aka kira sunansa a taro,
bai zauna ba har muka ba shi baya.

Gaba da Kaltungo kwalta ta gaji, ta bar mu.
Sai fako, sai tsakuwa, sai ƙaya,
giginya ɗaya tal, inuwarta can nesa da ita,
ƙashin saniya ya yi fari a bakin kwazazzabo.
Ko kare bai yi mana haushi ba.
Sau biyu lagireto ya tafasa,
muka ba shi ruwan shanmu.
Lamela ya zagi motar da yarensu,
ya dawo ya lallashe ta da Hausa.

"Ku yi hagu a gindin tsamiya," in ji Goggo.
Kututture muka tarar.
Muka yi hagu.

Inda taya ta ƙi, ƙafa ta karɓa.
Ina riƙe da hannunta, amma ita ke ja na,
tana ba ni labarin matsirgar ƙuruciyarta,
wai rurinta kan haɗiye kiran uwa,
yarinya ta koma gida ta sha duka tana dariya.

Muka iso.
Baƙin dutse, tsayin giginya biyu,
da ruwa siriri yana saukowa
kamar zaren da ya kuɓuce wa mazari.

Ta ce, "Yaya yake?"
Na ce, "Ya cika, Goggo. Fari fat."
Ta ce, "Ido na rasa, ɗan nan,
kunnena yana nan."

Ta tara hannu biyu.
An daɗe kafin su cika.
Ta wanke fuska, ta kira Kande, ta kira Azumi,
ta ɗan jira.
Dutsen ya maido mata da Azumi kaɗai.

Lamela ya kafa jarka a ƙarƙashin zaren,
muka zauna jiran rabon mota.

A hanyar dawowa barci ya ɗauke ta,
ta dunƙule jiƙaƙƙen gefen mayafinta a hannu.
Kafin Kumo ya bushe.
Ba ta saki ba.