Hankakin Mashigar Zamare

Jirgin ƙarfe tara bai tashi ba.
Arzika ya ce injin ya sha ruwa,
ya tsuguna da sifana yana lallashinsa kamar jakin da ya tubure.
Na sami wani kwalekwale da aka kife, na jingina,
Kwara a gabana, faɗinta ya fi ƙarfin ido.

A nan suka iske ni.
Na farko ya sauka kan turken ɗaure jirgi,
baƙar riga, farar 'yar shara a ƙirji,
ya karkata kai ya dube ni da ido ɗaya,
ya juya ya ƙara da ɗayan,
don shaida guda ba ta isa yanke hukunci.

Akwai ƙuliƙuli a ledata, tsarabar Gwaggo Lanti,
wanda za ta daka ta zuba a kwaɗon rama.
Na ɓalli ɗaya na jefa.
Bai motsa ba.
Sai da na mai da ido kan masu wankin koma
na ji fuffuke, na waiga, yashi kawai.

Kafin in ɗaure bakin leda sun zama bakwai.
Ɗaya ya tona rami ya binne rabonsa,
ya ɗora ɓawon rake a kai,
ya yi gaba yana taku kamar bai san zancen ba.
Biyu suna ja-in-ja kan guntun da bai kai ƙwayar gyaɗa ba.
Akwai wata gurguwa, zaren fatsa ya cinye mata yatsa,
ba ta shiga wawa.
Ta ɗauki nata ta kai bakin ruwa,
ta tsoma, ta jira,
ta taka shi da ƙafar kirki, ta ga bai yi ba, ta sake tsomawa.

Ige mai banda ta leƙo ta cikin hayaƙi:
"Baƙo, ɓarayi kake kiwo.
Jiya ƙarfasa biyu suka sure mini a kan waya,
ko sabulu ba su bari."
Tana faɗa tana yanka tarwaɗa,
ta kwashe kayan cikin, ta duba hagu da dama,
ta wurga wa gurguwar.
"Hankaka," ta ce, "mai da ɗan wani naka."

Ita kirari ta yi wa tsuntsu.
Ni ya sama.

Ina shekara huɗu aka tsallako da ni ruwan nan,
da riga ɗaya da tari.
Matar da ba ta taɓa goyon nata ba ta kwance zane ta goya ni.
Ita ke jiƙa mini ƙuli a ruwan ɗumi
lokacin da nake famfara,
ta murza da yatsa, ta ɗanɗana, sannan ta ba ni.
Har yau mutanen tsallake ba su san sunan wadda ta haife ni ba,
Ɗan Lanti suke cewa.
Shekara goma sha ɗaya ke nan
ina aika mata kuɗi ta waya
da gaisuwa a bakin direba.

Injin ya yi tari, ya yi tari, ya kama.
Arzika ya ɗaga hannu, baƙi ƙirin da mai.
Na laluba leda: saura guda biyu.
Me zan ce mata? Tsuntsaye sun cinye?
Na san dariyar da za ta yi, hannu a baki,
ta ce ai su ma bayin Allah ne.

Gurguwar ta biyo mu,
ƙasa-ƙasa, inuwarta na karyewa kan igiyar ruwa,
har inda ruwan ya sauya launi.
Nan ta yi kuka ɗaya ta juya.
Gaɓar can ta fara fito da bishiyoyinta,
na rasa wace ce tsamiyar ƙofar gidanmu.