Mangazar Gujiya

Kafin ya zama ɗakin karatu
mangazar gujiya ne.
Har yau in damina ta nutsa, bango ya sha ruwa,
warin ɓawo kan fito ya gaishe mu.

Shekarar da ciwo ya faɗa wa gujiya
masu awo suka koma Maradi,
suka bar sikeli, suka bar wa jemagu rufi.
Damina tara ƙofar tana cije da kwaɗo,
sai ga Mushe Nomau ya aje alli,
ya dawo gida bisa amalanken jaki
da kwali huɗu ɗaure da igiyar kaba.
Tsamiyar Bawa ta taru, zatonta sukari ne.
Da aka kwance, Ɗan Jimo maƙeri ya ce:
"Wannan ko akuya sai ta yi shawara."

Littafi ɗari da sha bakwai.
Na san adadin don ni na gaji rajista,
kaye mai shuɗin bango. Layin farko:
Cima ɗiyar Gambo, littafin tsuntsaye.
Ba ta san baƙi ba, hoto ta zo kallo,
ta maido shi da ɗigon miyar kuka a shafi na tara.
Ɗigon yana nan.
Cima kuwa ungozoma ce a Madarunfa.

Doka guda Mushe ya kafa: a wanke hannu.
Ga randa, ga sabulu, bakin ƙofa.
Wanda ya haura mako biyu tararsa ƙwan zabo,
da ƙwan muke sayen danƙon liƙi
da kananzir.

Gara ce mai karatun da ba ta fashi.
Dare uku ta shiga ƙamus,
ta cinye daga K har zuwa N,
shi ya sa yaran garinmu suka daɗe
ba su san yadda Faransa ke kiran wata ba.
Tun ranar ƙafafun kanta ke tsaye
cikin gwangwanin tumatir cike da toka.
Shekarar da gulbi ya yi ambaliya
mata suka kwashe littattafai cikin ƙore
suka shanya su bisa zana kamar kuɓewa.
Talatin sun tafi. Sauran sun kumbura, sun rayu.

Yanzu meri ta kafa mana faranti mai shan rana.
Ƙwai biyu na ci har goma na dare,
'yan lakwal na kwance rub da ciki bisa tabarma,
suna gardama da lissafi, satifika ta matso.
Ran Talata mata ke zuwa bayan daka,
Hajo ta yi wata biyar tana kokawa da sunanta,
ranar da ta kayar da shi
ta rubuta shi a ƙofar rumbunta da gawayi.
Illo makiyayi ba ya zama,
daga tsaye nake karanta masa ciwon huhun awaki.
Ina cika takardar haihuwa,
ina rubuta wa tsofaffi saƙo zuwa Agadas,
wayoyi bakwai na shan wuta bisa sikeli,
dala biyar biyar.
Akwatin ajami na Malam Tsahiru yana can sama,
magadansa sun ce nan ya fi gida tsaro.

Ba mu da yawa: kanta shida, benci uku,
taga guda mai kallon gawo.

Da dare in na zo rufe rajista
nakan koma baya, shafi na sittin da ɗaya.
Rubutun ya soma rawa a lokacin:
Nomau, littafin taurari, ran Lahadi.
Laraba aka kai shi makwanci.
An duba ɗakinsa, an duba ƙarƙashin gado, babu.
Gurbin ranar maidowa yana nan fari,
ban soke layin ba.
Wani lokaci nakan ƙirga ƙwan da muke binsa,
in kashe wuta,
in ja ƙofa.