Ba Su Kwanta Ba

Daren Alhamis a unguwar Wadata, nan Tawa,
an ɗauke wuta tun magariba.
Mun kewaye rediyon Nomau kamar masu jin ɗumi,
batir biyu gare shi,
ɗaya ma sai da aka cije shi don ya ƙara kwana.

Kashi na goma sha tara ya ƙare
da bugun ƙofar langa-langa,
da jan ƙafa a kan tsakuwa, shaa, shaa,
sai kiɗan rufewa.
Gawayi ya yi ja, shayi na biyu ya hau,
gardama ta sauka a fada.

Tsahiru ya ce likitan ne.
"Kowa a wasan na kiran su matattu,
shi kaɗai ke cewa majinyata.
Wanda ya san sunan cuta
ya san tukunyar da aka dafa ta."

Harira na juya ƙosai, ba ta ko waiwayo ba.
"Ku bar likita ya sha iska.
Yarinyar nan Tsahara an cije ta tun a gada.
Kashi uku ke nan ana miƙa mata gurasa
tana cewa ta ƙoshi.
Yara shida na raina,
na san shirun mai ɓoye ciwo."

Abarshi mai gyaran waya ya naɗi sautin,
ya maimaita minti na bakwai har sau talatin.
Can ƙasa, bayan ihun, akwai carar zakara!
Ba an ce dabbobi sun ƙare tun kashi na biyu ba?
To, akwai garin da bai faɗi ba,
kuma direban ya san hanya, ɓoyewa yake.
Nomau ya ce, "Kai, zakaran maƙwabcin gidan rediyo ne."
Kowa ya dara ban da Abarshi.
Dala ɗari ya ajiye a kan zakaran nan.

Ni zargina yana kan mai ba da labarin.
Bai taɓa tari ba, bai taɓa neman ruwa ba,
in ya yi sallama
babu mai amsawa.
Na faɗa, aka ce na cika nisa.

Sai Baba Gado mai gadin shagon siminti,
wanda wata biyar yake sauraro daga kan bencinsa
ko uffan bai taɓa ce mana ba,
ya gyara murya.

"Ba yunwa ke kawo su ba.
Kun taɓa jin sun fasa taga?
Ƙofa suke bugawa.
Sau uku, su dakata, su sake.
Mai cin mutum ba ya neman izini.
Gida suka dawo,
na ciki ne suka manta muryarsu."

Babu wanda ya yi musu.
Duk mun san Illa, ɗansa,
da ya hau mota a tashar nan damina shida da suka wuce,
jaka ɗaya, da jarka a naɗe da buhu.
Wayar ƙarshe daga Agadas ta zo.

Shayi na uku ya huce a hannunmu.
Wuta ta dawo, ƙwan shagon Abarshi ya kama,
mun ci gaba da kallon gawayi.

Da asuba, ina hanyar gidan burodi,
na ji jan ƙafa a bayana, shaa, shaa.
Gabana ya faɗi kafin in tuna ni babba ne.
Baba Gado ne, ya tashi daga gadi,
takalminsa ya tsinke a dunduniya.
Na ga ya tura ƙofar gidansa da yatsa ɗaya ta buɗe,
ya shiga, ya mayar da ita a hankali.
Na tsaya ina jiran ƙarar sakata.
Har aka kira salla ban ji ba.